Rasuwar Dattijuwa, Fitilar Goshin Ido Uku

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, mai gyaran rediyo da fanka da ke ƙarƙashin matakalar dogon benen nan na layin masu taya, wanda kowa ya fi sani da Ido Uku, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabtan shago, da kuma 'yan zauren masu tara tsofaffin tocila, rasuwar fitilar goshinsa wadda aka saba kira Dattijuwa. Ta rasu ranar wata Talata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a bakin aiki, a goshin mutumin da ba maigidanta ba. Shekarunta goma sha shida a duniya, goma sha ɗaya daga ciki a hannunsa ta yi su.

An yi jinkirin fitar da wannan sanarwa har mako shida. Ana roƙon mai karatu ya daure ya kai ƙarshenta, domin wanda ya tsaya a tsakiya zai tafi da zaton tsufa ne ya kashe ta, kamar yadda kowa ya yi ta zato, alhali ba haka abin yake ba.

Marigayiya 'yar babban gida ce. Kamfanin da ya ƙera ta shekara uku kacal ya yi yana fitar da irinta, ya daina, daga baya shi kansa ya rufe ƙofa. Tana cikin fitilun farko masu ƙwan LED da aka yi wa jikin ƙarfe maimakon roba, da jan maɗauri mai faɗin yatsa biyu. Ido Uku ya tsince ta ne a kasuwar gwanjo, a ƙasan wani kwali, tsakanin matattun cajoji da rimot ɗin da ba a san talabijin ɗinsu ba. Batir ya fashe a cikinta, farin gari ya cinye bakin wayoyinta. Mai kayan ma bai san mece ce ba. Ido Uku ya kawo ta shago, ya kwana uku yana bin ta da ruwan lemun tsami da tsohon buroshin haƙori. A rana ta huɗu ya danna makunninta, ta ce ƙyat, ta buɗe ido. Tun daga ranar ba a sake ganin goshinsa babu ita ba, har maƙwabta suka manta sunansa na yanka suka laƙaba masa wanda ake kiransa da shi yau.

Duk wanda ya yi hulɗa da ita zai shaide ta da kyawun hali. Haskenta ba mai kashe ido ba ne, ɗan ja-ja ne kamar hasken hantsi, irin wanda ke nuna maka jar waya a ja, ruwan ƙasa a ruwan ƙasa, ba ya haɗa maka su ka yanke wadda ba ita ba. Ba ta ɗaukar zafi. Ba ta zamewa daga goshi komai gumi. Ta faɗa bokitin ruwa sau biyu, ta faɗo daga kan firiji ba adadi, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Maganarta a duniya guda ce, ƙyat idan an tashe ta, ƙyat idan an sallame ta.

Amma babban halinta, wanda saboda shi aka sa mata suna Dattijuwa, shi ne ba ta tafiya ba sallama. Idan batirinta ya kusa ƙarewa sai ta ƙifta sau uku a jere, a natse, sannan ta rage haske ta ci gaba da riƙe ka kamar minti ashirin, ka ɗaure abin da za ka ɗaure, ka tattara kayanka, ka fito da ƙafarka. A shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa saɓa wannan alkawari ba ko sau ɗaya. Wani ɗan faifai ne a cikinta, bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, wanda masu gyara ke kira ƙwaƙwalwa, shi ke yin wannan aiki.

Ta rasu ta bar 'yan'uwa ashirin da uku. Biyar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da ita, an sayo su ne ɗaya bayan ɗaya da sunan za a riƙa cirar kayan gyara a jikinsu, amma da suka iso aka kasa taɓa su. Akwai 'yan'uwan nesa na wasu kamfanoni da su ma aka daina yi, ciki har da wata doguwa mai nauyin taɓarya, da wata 'yar mitsitsiya da ba ta taɓa kamawa ba tun zuwanta amma aka bar ta saboda kyanta. Dukansu suna zaune a kabad ɗin da asali na kwanukan matar gidan ne, wadda ta daɗe tana cewa ita kaɗai ce macen da ke da fitila ashirin da huɗu a gida amma take laluben ashana in an ɗauke wuta, don an hana kowa taɓa su. Ta kuma bar caja guda, da ƙusar bango da ake rataye ta, da wani farin layi a goshin maigidanta inda rana ba ta taɓa samu ba.

Mutum ɗaya ne a duniya aka yarda ya ɗauke ta daga kan ƙusar nan, shi ne Dogo mai aikin famfo, mijin Auta, ƙanwar Ido Uku. Aikin Dogo na cikin duhu ne ko da rana tsaka: cikin silin, cikin tankin ƙasa, bayan bango. Yana da fitilunsa na kasuwa, amma duk ranar da aiki ya yi tsauri sai ya biyo ta shago. An sha ba shi ɗaya daga cikin 'yan'uwanta kyauta, ya ƙi. Cewa yake, "Yaya, ni wannan na sani. In ta ƙifta na san saura mini minti ashirin. Da ita da agogo duk ɗaya ne a wurina." Mutum ne mai barkwanci, ba ya shigowa shago bai tsokani surukinsa ba, in ya dawo da ita kuma sai ya goge mata gumi da gefen rigarsa kafin ya rataye.

A nan ya kamata a faɗi ciwon ajalinta. Gaskiyar magana ita ce ba ta yi ciwo ba.

'Yan zauren tocila suna haɗuwa duk Asabar da yamma a siton Tela, wani ɗaki marar taga da ke bayan shagon ɗinkinsa. A rufe ƙofa, kowa ya haska tasa a bangon ƙarshe, a yi ta musu. Wata Asabar, wata guda kafin rasuwar, Direba, wani mai jan babbar mota da bai daɗe da shiga zauren ba, ya zo da wata tsohuwa da aka canza wa ciki. Dattijuwa tana kan bango da ɗan da'irarta mai kyau, ya danna tasa. Hasken Dattijuwa ya ɓace kamar ba a kunna ta ba. Direba ya ce, "Ido Uku, wannan baiwar Allah ai ta yi ritaya. Ka nema mata tabarma ta kwanta." Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, Ido Uku ma ya yi. Amma ya koma gida da maganar a ransa, ta hana shi cin abinci.

Ya sha canza wa fitilu ciki, sana'arsa ce, amma bai taɓa kwance Dattijuwa ba sai don shara. Washegari Lahadi bayan azahar ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jona ƙarfen dalma, ya kira matarsa ta riƙe masa haske.

Ta ce, "Me ya same ta?"

Ya ce, "Babu abin da ya same ta."

"To lafiyayya kake yankawa?"

Ya ce ta dai riƙe hannunta daidai. Ya cire ƙwanta na asali ya sa sabo mai ƙarfi. Tsohuwar ƙwaƙwalwar ba za ta iya ciyar da sabon ƙwai ba, don haka ita ma ya ɓamɓare ta, ya liƙa wata da ba ta san komai ba sai tura wuta. Tsohuwar ya jefa a akwatin ashana ya tura cikin aljihun tebur. Ya ɗaure, ya danna. Ta ce ƙyat da muryarta ta da, sai wani farin haske ya daki bango har matar ta kare fuska. Daga waje ba abin da ya canza: jikin nan, jan maɗaurin nan, tabon faɗuwar nan na gefe.

Asabar ta zagayo, Dattijuwa ta haɗiye fitilar Direba a bangon Tela, aka yi ta tafi, Direba ya cire hula ya sara mata. Kafin wata ya ƙare mutum bakwai sun kawo tasu an yi musu irin aikin.

Kada a ce maigidanta bai sani ba. Ya sani. Kwana goma bayan aikin yana kwance a bayan wani firiji a shagon mai sayar da ruwan sanyi, ta ɗauke ɗif, ba ƙiftawa, ba rage haske. Ya yi tsaki, ya yi 'yar dariya, ya zaro wata daga aljihu ya ƙarasa aikinsa. Ya ce a ransa zai nemo ƙwaƙwalwar da ke da ƙarfi kuma take gargaɗi. Bai nema ba.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe tara, Dogo ya tsaya a bakin shago bai ko kashe babur ba. Bututu ne ke yoyo a cikin silin wani babban ɗakin taro, kuma akwai taro a wurin washegari. Ido Uku yana sunkuye a kan fanka, mai fankar yana tsaye a kansa.

Dogo ya ce, "Yaya, ara mini Dattijuwa." Ya riga ya miƙa hannu ya zare ta daga ƙusa. "Da caji?"

Ya ce, "Akwai."

Rabonta da caja tun Asabar. Kuma maganar tana kan harshensa, kalma uku ce: ta daina ƙiftawa. Amma ya san Dogo. Zai kashe babur ya ce me ya sa, in ya ji dalili kuma zai riƙe ciki yana dariya a gaban kwastoma, ya ce wato don maganar direba aka yi wa tsohuwa tiyata, ya kai labarin gida, Auta ta kai wa dangi. Sai ya ce a ransa aikin yoyo ne, rabin awa ya gama. Ya ci gaba da kwance fankarsa. Yana jin ƙarar babur ɗin har ta ɓace a kwana.

Abin da ya biyo baya daga bakin Dogo aka ji shi. Cikin silin ana taka katakon da aka gicciya ne kawai, abin da ke tsakaninsu falle ne da ko kyanwa sai ta yi hankali. Ya kunna ta, ya yi mamakin hasken, ya ɗauka sabon batir aka sa mata. Yoyon ya fi yadda aka faɗa, ya yi ta binsa yana nisa da ƙofar da ya shigo. Bai damu ba, tunda ba ta ƙifta ba. Yana riƙe da sifana a hannu ɗaya, guntun bututu a ɗayan, ya ɗaga ƙafa daga wannan katako zai kai wancan, duniya ta yi baƙi ƙirin. Ƙafar ta sauka inda babu katako.

Tsayin wurin ya fi na mutum biyu. Ya faɗo kan tayil, gefensa ya daki tarin kujerun ƙarfe. Matan da ke share ɗakin su suka yi kururuwa. Ƙugunsa ya karye, ƙashi biyu a bayansa suka tsage. Marigayiya kuwa ta fita daga goshinsa ta bugi ƙafar wani tebur, gilashinta ya tarwatse, jikinta ya lotse, sabuwar ƙwaƙwalwar ta rabe biyu. A nan ta cika.

A barandar asibiti Auta ta miƙa wa yayanta gawar a cikin baƙar leda, idonta ya kumbura. Ta ce, "Ga tsohuwar banzarka nan. Shekara nawa ina cewa ya sayi sabuwa." Ya karɓa. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi, kuma abin kunyar shi ne har da sauƙi a cikin sanyin, domin an riga an samo mai laifi.

Kwana uku bayan an yi wa Dogo aiki, da ya fara magana sosai, Auta ta sake zagin fitilar a gabansa. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Kada ki zage ta. Shekara nawa ina aiki da ita? Ta ƙifta. Dole ta ƙifta. Ni ne ban gani ba."

Ido Uku yana zaune a gefen gadon, lemu a hannunsa yana ɓarewa. Ya ci gaba da ɓarewa.

Daga nan maganar ta zauna wa Dogo a rai, ta fi karayar damunsa. Ta yaya fitila za ta ƙifta sau uku a tsakiyar goshinsa, ta rage haske na minti ashirin, bai lura ba? Ko idonsa ne ya fara tafiya? Ko kansa ne ke ɗaukewa bai sani ba? Ya sa aka duba idon, aka ce lafiya lau, ya ce ba su duba da kyau ba. Da aka sallame shi ya koma gidansu a hawa na uku, ya daina barkwanci. Masu gidajen da ya shekara goma yana yi wa aiki suka riƙa bugo waya suna cewa za su jira shi ya warke, yana ce musu kada su jira, su nemi wani, shi ko ƙafa ta koma ba zai sake hawa tsani ba, mutumin da ba ya ganin abin da ke gaban goshinsa ba shi da abin yi a saman gidan mutane. Sau biyu ya faɗi haka surukinsa na zaune a ɗakin.

Mako shida Ido Uku ya yi yana zuwa wajen Dogo kusan kullum, tun daga asibiti har benen gidansu. Ya kai kayan marmari. Ya gyara musu fankar da ba ta lalace ba. Ya canza musu makunnin bayi. Duk abin da hannu zai iya ya yi, bakin ne ya ƙi buɗewa. A zauren tocila ya ce tsufa ne, suka yi ta aiko masa da ta'aziyya ta waya, rabi wasa rabi gaske, Direba ma ya rubuto cewa an yi rashin jaruma. Ya daina zuwa siton Tela. Ya daina buɗe kabad. Yana aiki da hasken waya a baki kamar sabon shiga, har maƙwabcinsa mai facin taya ya tambaye shi ina ido na ukun. Wandonsa ya fara zamewa. Kuma kowace safiya in ya buɗe shago sai ya tuna bakwai ɗin nan da ke yawo a gari: ɗaya a goshin makanikin da ke shiga ƙarƙashin manyan motoci, ɗaya a hannun mai gyaran rijiyar burtsatse, ɗaya wajen Tela da ke hawa tsani da ita a sitonsa. Ya ɗauki waya zai kira su ya fi sau goma. Amma kiran ɗaya daga cikinsu daidai yake da kiran Dogo, don magana ba ta kwana a zauren nan.

Matarsa ba ta ce masa komai ba tsawon wannan lokaci, har ya ɗauka ta manta da Lahadin nan. Ranar Laraba ta makon jiya ta ajiye masa abincin rana, a gefen kwanon ta ajiye akwatin ashana.

Ta ce, "Jiya na je gidan Auta. Na same ta tana kuka a kicin, wai mijinta ya ce ta fara neman aiki, shi ya gama. Ni ban san aikin wannan abin ba. Amma ni na riƙe maka haske ranar da ka cire shi, kuma tun da aka yi abin nan ba ka iya kallon aljihun teburin da yake ciki."

Ya ce, "Ba ki san yadda abin yake ba."

"Shi ya sa na ce ban sani ba. Kai ka sani. Ka kai masa, ko ni in kai masa in ce ya tambaye ka."

Ya ce, "Auta ba za ta sake kallona ba."

Ta ce, "Wataƙila. Ci abincinka."

Bai ci ba. Washegari Alhamis da la'asar ya hau benen. Ƙofar ɗakin a buɗe take. Dogo yana kwance an tokare shi da matasai, ya rufe idon hagu da tafin hannu yana karanta ƙananan lambobin kalandar da ke bango, sannan ya sauya ya rufe na dama. Da ya ga surukinsa ya yi sauri ya sauke hannun, ya yi kamar yana sosa gira.

Ido Uku bai zauna ba. Ya buɗe akwatin ashanar ya ajiye a kan bargo, ya faɗi komai a tsaye: siton Tela, maganar Direba, Lahadin, bayan firijin, da safiyar Talata. Bai rage ko cajin da ya ce akwai ba.

Dogo ya daɗe yana kallon ɗan faifan. Ya taɓa shi da yatsa.

Ya ce, "Wato ba ta ƙifta ba."

"Ba ta ƙifta ba. Ba za ta iya ba. Abin ƙiftawar ga shi nan a gabanka."

"Idona lafiya lau ke nan."

"Lafiya lau."

Ya ɗago kai. Ba fushi a fuskar, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Ya ce, "Faɗuwar na ji, Yaya. Kowa yana kuskure da safe. Amma mako shida?"

Auta tana bakin ƙofa da tiren shayi, ba wanda ya san tun yaushe. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa a hankali, kofi ko motsi bai yi ba. Ta ce, "A kujerar nan kake zama. Kana jinsa yana tsine wa idonsa, kana ɓare masa lemu." Muryarta ba ta tashi ba. "Ni nake goyon bayanka tun ina yarinya. Fita, Yaya. Kada ka sake taka mini ɗaki."

Ya fita. Yana hawa na biyu ya jiyo wani sauti daga sama, muryar Dogo ce, har yau bai san ko kuka ba ne ko dariya.

Daga can bai koma shago ba sai da ya bi mutum bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya sami makanikin a ƙarƙashin mota da tasa a goshi, ya sa ya fito ya cire. Mai rijiya ya zage shi tas, kuma yana da gaskiya. Auta ba ta ɗaukar wayarsa. Likita ya ce Dogo zai taka ƙafa in an dage da gashin ƙashi da motsa jiki, amma batun tsani bai yi alkawari ba. An ji dai ranar Asabar Dogo ya kira ɗaya daga cikin masu gidajen nan ya ce kada a ba kowa aikin tankinsa tukuna.

Masu tambaya ko za a iya tashin marigayiya, amsar ita ce za a iya. Akwai gilashi a jikin 'yan'uwanta, lotsawar za ta buɗu, ƙwanta na asali yana nan. Aikin yini guda ne. Maigidanta ya shimfiɗa farin ƙyallen, ya zauna a gabanta, ya ga ba shi da goshin da zai sake ɗaura ta. Abin da ya yi kawai shi ne ya mayar mata da ƙwanta, ya ɗinke jan maɗaurin inda ya yage, ya goge ta. Yana roƙon duk wanda ya zage ta a wannan mako shida ya janye, ya maido zagin inda ya dace. Ba ta yaudari kowa ba. An rufe mata baki ne aka tura ta aiki.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma a siton Tela, ƙofa a buɗe. Ba za a haska komai a bango ba. Za a sa ta a gwangwanin da ta saba kwana a ciki in za a yi tafiya, a rufe, a ajiye a ƙasan kabad. Mutum bakwai da aka ambata su zo da fitilunsu, za a mayar wa kowace da abin da aka cire mata a gaban mai ita, kafin nan kuma kada wanda ya shiga rami ko ya hau sama da su.

Ba a karɓar gaisuwa a shago ko a gida. Wanda ya ji yana son yin wani abu, ga inda ake buƙatarsa. Duk Litinin da Alhamis da ƙarfe takwas na safe ana sauko da Dogo a kan kujera daga hawa na uku zuwa mota don zuwa asibiti, a kuma mayar da shi da azahar. Matakala arba'in da shida ce, da lanƙwasa huɗu masu matsi, kuma mutumin ba ƙarami ba ne. Auta ta ce maganarta tana nan, yayanta ba zai taka ɗakinta ba. Dogo ya aiko matar Ido Uku da saƙo cewa matakala ba ɗaki ba ce, ta gwamnatin masu haya ce, ya zo ya kama kujerar ta ƙasa, inda nauyin yake sauka.

Ya karɓa. Ana neman mutum biyu masu ƙarfi da za su kama ta sama.